Fitsarin Inji

Shekarun baya can, tun ina da gashi a ka da ƙarfin faɗa, lokacin da kasuwar kuza ta fara mutuwa a Jos, Turawan kamfani suna ta ɗaure kayansu, sojoji kuma suna maganar miƙa mulki ga farar hula, na yi wa mahaifina wani abu da har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni. Yau dai na ce bari in ba ku labarin, ko wani zai ƙaru.

A lokacin ni bakaniken babur ne a Gada Biyu. Ba yabon kai ba, na iya aikina, kuma na san na iya, matsalar ke nan. Babur zai shigo yana tari, tun mai shi bai sauka ba na faɗa masa ciwon. Amma ga baƙar zuciya. In kana min bayani ka yi tsawo sai in ƙarasa maka maganar, in kuma ka ce ba haka kake nufi ba mu yi ta. Na haura talatin ban yi aure ba. Abokan da muka taso tare duk sun watse da aikin kuza ya ja baya, wasu Kaduna, wasu Legas. Ƙanwata tana aure a Kano. Mahaifiyata ta rasu shekara biyu kafin nan. Gidan ya rage daga ni sai Baba.

Baba mutumin Yawuri ne, ɗan masunta. Da ƙuruciyarsa ya zo Jos leburancin kuza, yana ɗaukar ƙasa a kwano. Da wani Bature ya gano ya san ruwa, sai aka cire shi daga rami aka ba shi jirgin kamfani. Ku da ba ku san Jos ba za ku ce wane irin jirgi a garin duwatsu? To, duk inda aka gama haƙar kuza rami ake bari, ruwa ya cika shi ya zama tafki, wani ma sai ka daɗe kana tafiya ba ka zagaye shi ba. A irin wannan tafkin Baba yake kai ma'aikata wurin famfon da ke tsakiyar ruwa, ya dawo da su. Da sandar tuƙi ya fara, daga baya aka kawo ɗan ƙaramin inji mai ƙarfin doki shida, irin wanda ake maƙalawa a bayan jirgi. Ranar da aka rufe wurin, Baturen ya ba shi injin a matsayin sallama. Ya naɗe shi a buhu ya tura ƙarƙashin gado. Ni kuwa ɗansa, ko iyo ban iya ba. Albasa dai ba ta yi halin ruwa ba.

Bayan rasuwar mahaifiyata da 'yan watanni ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Harshensa ya yi nauyi, kalma ɗaya sai ya yi ta kokawa da ita kafin ta fito, in ta fito ma rabi ce. Da safe in wanke shi, in ba shi koko, in shimfiɗa masa tabarma a bakin ƙofar ɗaki inda rana ke sauka, in tafi gareji. Maƙwabciyarmu, wata dattijuwa ba Bahaushiya ba da ta taso daga Anguwan Rukuba, ita ke leƙa shi da rana. Da yamma in dawo mu ci tuwo, babu mai cewa uffan. Wallahi akwai ranakun da ƙarar cokali a kwano ita ce hirar gidanmu. Kaɗaici ya ci ni a shekarun nan, ga mutum a gabana amma kamar ni kaɗai nake.

Magana ɗaya ce take fita daga bakinsa sarai, kuma kusan kullum sai ya yi ta: "Kai ni ruwa."

Na ɗauka kewar gida ce, kogin Yawuri yake so ya gani. Wannan kuwa ba mai yiwuwa ba ne, mutumin da ko zama ba ya iya yi sai an jingina shi. Likita ma ya riga ya ja ni gefe ya gaya min in yi masa duk abin da yake so, don ba a san gawar fari ba amma jikin yana ƙarewa. Sai na ce to, in kogi ya gagara ai ga tafkinsa nan. Na hau babur na je na duba. Jirgin yana nan a gaɓa, na ƙarfe ne, an kife shi, wani tsohon mai gadi yana shanya barkono a kai. Ya ce in dai don Baba ne in ɗauka. Amma jirgin nauyi gare shi, iskar wurin kuma ba ta da kirki, ni da ban taɓa riƙe filafili ba in na ce zan tuƙa da hannu sai dai a neme mu. Dole sai inji.

Ranar da na jawo buhun daga ƙarƙashin gado Baba ya bi ni da ido har tsakar gida. Na ga hannunsa na hagu yana motsi, bakinsa yana haɗa wata magana. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, ai inji inji ne.

Kuma da farko kamar gaskiyata. Da na buɗe murfin sai na ga ɗan'uwan babur ne, irin mai shan fetur haɗe da baƙin mai. Na kwance filogi na goge. Na sauke kafireto, tsohon fetur ya daskare a ciki kamar ƙaro, na jiƙa na wanke na hure ƙofofinsa ɗaya bayan ɗaya. Igiyar tayarwa ta ruɓe, na sa sabuwa. Tiyon mai ya tsage, na canza. Na wanke tanki, na haɗa fetur da mai daidai gwargwado. Mako guda ina wannan aikin kullum bayan la'asar, Baba yana kallo daga tabarmarsa, ni ko sau ɗaya ban juya na tambaye shi komai ba. Mutumin da ya yi shekara goma sha wani abu yana aiki da injin nan!

Ranar Lahadi na ɗaure injin a jikin wani benci a tsakar gida, farfela tana lilo a iska. Labari ya riga ya zaga cewa bakanike zai tayar da injin jirgi, sai ga maƙwabta sun shigo kallo, maza da mata. Kaina ya ƙara girma. Na ja igiya sau uku, a na huɗu ya kama. Kai jama'a, ƙara! Hayaƙi ya turnuƙe gidan, mutane suna tafi, wani yana cewa oga ka gama da su. Na murɗa masa wuta yadda nake yi wa babur, ina jin daɗin muryarsa.

Cikin wannan hayaniyar na ji Baba yana buga tabarma da hannunsa mai lafiya. Yana ta yunƙuri, jijiyoyin wuyansa sun tashi. Na matsa kusa, sai na ji abin da yake cewa: "Fitsari... fitsari..."

Raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata sai yanzu, a gaban mutane? Na bar injin yana ruri, na shiga ɗaki da gudu na ɗauko fo ɗinsa, na zo na durƙusa ina ƙoƙarin kare shi da jikina ina kwance masa mazagi. Ya ture fo ɗin har ya gangara tsakar gida, ya sake cewa fitsari, yana nuna bayana. Wasu mata suka sunkuyar da kai suka fita. Ni kuma, Allah ya yafe min, na daka masa tsawa. Na ce: "Baba, in za ka yi ka yi, in ba za ka yi ba ka bar ni in yi aikina! Wane irin gigin tsufa ne wannan?"

Ya dube ni. Hannun da yake nuni da shi ya sauka a hankali.

Sai warin roba mai ƙuna ya buge ni. Kafin in kai wurin benci muryar injin ta canza, na yi maza na kashe. Kan injin ya yi zafin da ba ya taɓuwa. 'Yan kallo suka sulale ɗaya bayan ɗaya.

Daga ranar Baba ya daina magana ɗungurungum. Ko "kai ni ruwa" ɗin ma ya daina. In na shimfiɗa masa tabarma sai ya juya fuskarsa bango. Abinci in na ba shi ya karɓi loma biyu ya rufe baki. Ni kuma na ɗauka jikin ne ya ƙara tsananta, ban kawo komai ba. Da can ina cewa gidanmu shiru ne, ashe ban san shiru ba sai a makonnin nan.

Na kwance ƙafar injin, wato doguwar gaɓar da ke shiga ruwa, na tarar da wata 'yar roba mai fukafukai kamar ƙaramar fanka ta narke ta manne a gidanta. Ban san sunanta ba, ban san aikinta ba. Na ƙunshe ta a takarda na zaga duk masu sayar da kayan gyara a Jos. Wani ya ce ta injin niƙa ce. Wani ya ce in bar masa zai yanko min irinta daga tsohuwar taya. A ƙarshe wani direban babbar mota ya ce in daina wahalar da kaina, garin da babu kogi wa zai ajiye kayan jirgi? In tafi Makurɗi.

Na bar Baba a hannun maƙwabciyarmu na bi mota. A bakin kogin Binuwai aka nuna min wata rumfa inda wani dattijo yake gyaran injinan jirgi, an jera su a cikin durom-durom na ruwa. Na miƙa masa ƙunshina. Ya juya robar, ya shinshina, ya tambaye ni daga ina. Na ce Jos. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce shi ya sa. Wai mu mutanen tudu in muka ga inji sai mu tayar da shi a sarari kamar babur. Ya yi min bayani cewa wannan injin ba iska ke sanyaya shi ba, ruwa yake zuƙowa daga ƙasa ya zagaya da shi cikin kansa, kuma 'yar robar nan ita ce mai zuƙowar. In ta juya a bushe, kafin ka ƙirga ɗari ta ƙone. Ya ce na yi sa'a da kan injin bai ƙone ba.

Sannan ya ja igiyar wani inji da ke cikin durom, ya nuna min wani siririn ruwa da ke tsartowa daga gefe, ya ce: "Kai da ka tayar da shi, ba ka duba ko yana fitsari ba? Abin da ake fara dubawa ke nan. Inji in bai yi fitsari ba, kashe shi ake yi nan take."

Na ce ya sake faɗa. Ya sake faɗa. Ya ce ai duk wanda ya taɓa aikin jirgi haka yake kiransa.

'Yan'uwa, sai a nan na gane. Na zauna a kan wani kifaffen kwalekwale. Dattijon ya zaci tsadar robar ce ta kayar da ni, har yana cewa zai rage min. Ni kuwa abin da nake gani shi ne hannun Baba yana nuna bayana, da fo yana gangarawa a gaban matan unguwa. Mutum ya tattara duk ƙarfin da ya rage masa ya fitar da kalmar da ta dace, daidai lokacin da ta dace, ni kuma na kwance masa wando a bainar jama'a na kira shi mai gigin tsufa. Rashin sani ya fi dare duhu, amma nawa ba rashin sani kaɗai ba ne, har da rashin saurare. Hanyar dawowa Jos ban san yadda ta wuce ba.

Da na iso, maƙwabciyarmu ta tare ni a zaure da irin Hausarta, ta ce: "Baba naka ya ci abinci kaɗan, amma magana babu. Zuciya nashi ne ya ɓaci, ba ciwo ba." Ashe ita ta daɗe da ganewa.

Na shiga na durƙusa a gabansa. Na ce Baba na je Makurɗi, an gaya min abin da kake nufi, ka yafe min. Bai juyo ba. Na sake faɗa. Bango dai yake kallo. Na rasa abin yi, sai na fita na kinkimo ƙafar injin na ajiye a kan tabarmarsa, na buɗe tafin hannunsa na hagu na sa masa sabuwar robar. Na ce ban san ta wane gefe fukafukan ke kwanciya ba. Kuma ba dabara na yi ba, da gaske ban sani ba, don ruɗewa ta hana ni tambaya a can.

Can sai na ga babban yatsansa yana shafa robar. Ya juyo a hankali, bai dube ni ba, injin ya duba. Ya lanƙwasa fukafukan gefe guda, ya yi min alama da yatsa in juya sandar ƙarfen da ke ratsa robar ta hannun dama yayin da nake danna murfin. Da ta ƙi shiga ya ce, "Sabulu." Kalmar farko da na ji daga bakinsa cikin mako uku ke nan. Na shafa sabulu, ta zame ta zauna.

Washegari na gangaro da durom na cika shi da ruwan rijiya, na maƙala injin a baki, ƙafarsa a nutse. Wannan karon ban gayyaci kowa ba, ƙofar gida ma rufe ta na yi. Na ja igiya ya tashi, na duba gefe, babu ko ɗigo. Na kashe da sauri na juya na dubi Baba. Ya nuna tsintsiya. Na zaro tsinke ɗaya, ya nuna min 'yar ƙofar da ruwan ke fita. Na zura, sai ga busasshiyar laka tana zubowa. Ashe zanzaro ne ya yi gini a ciki tun injin yana ƙarƙashin gado. Na sake ja. Ruwa ya tsarto siriri, ya yi baka, ya sauka a ƙasa. Baba ya yi dariya da rabin bakinsa, ni kuma na tsaya kamar wawa ina murnar ganin inji yana fitsari.

Ranar Asabar da hantsi wani abokin aikina ya kai mu a a-kori-kura ya ce zai dawo da azahar. Ni da mai gadi muka birkice jirgin muka tura shi ruwa, muka jingina Baba a tsakiya da matashi. Mai gadi ya ce shi kam ba zai shiga ba, tafkunan nan suna da masu su. Na ɗora injin a katakon baya na ɗaure kusoshinsa biyu tamau. Baba ya ce, "Igiya," na gane, na ƙara ɗaure shi da igiya a jikin jirgi don ko ya kuɓuce kada ya nutse. Ya nuna murfin tanki, na sassauta ɗan noti na sama don iska ta shiga. Duk abin da ya nuna, yi nake babu musu. Ni kuwa na riƙe gefen jirgi gam, don ban taɓa rabuwa da ƙasa ba sai ranar.

Na zaci zagaye za mu yi ya sha iska. Amma sai ya fara tuƙa ni da hannu, nan, can, rage wuta. Idonsa ba a ruwa yake ba, yana kan wani dutse mai tsaga a gabas, yana juyawa yana duba wani tsauni a arewa. Muka wuce, ya sa na dawo baya kaɗan. Sannan ya ce, "Kashe."

Na kashe. Jirgi ya tsaya yana lilo. Babu kowa, babu komai, sai ruwa kore da tarin jar ƙasa a gaɓa.

Ya sauke hannunsa ta gefen jirgi har yatsunsa suka taɓa ruwan. Ya yi ta kokawa da harshensa, ni kuma na danne bakina na jira. Ya ce: "Ɗakin... uwarka. Nan. Nan aka... haife ka."

A hankali na haɗa zancen. Barikin leburori na farko a wurin yake. A nan aka kawo masa ita amarya, a nan suka yi shekarunsu na fari. Ina goye aka gano akwai kuza a ƙarƙashin barikin, aka tashe su aka haƙe wurin, ruwa ya cike. Shekara da shekaru yana bi ta kan ɗakin da jirgi safe da yamma bai taɓa gaya wa kowa ba. Ni ina can ina lissafin Yawuri, ashe ba kogi yake kewa ba.

Daga nan bakinsa ya buɗe. Ya yi magana ta fi ta shekara biyun da suka wuce a haɗe. Yana nuna nan, yana nuna can, wani wurin ya yi murmushi, wani wurin hawaye ya gangaro ta gefen da ya shanye. Na ji sunanta sau da yawa. Na ji "rijiya", na ji "akuya", na ji wani abu game da ranar da ruwan sama ya yaye rufi. Ban katse shi ba, ban ƙarasa masa ko kalma ɗaya ba. Har muka hango a-kori-kura ta dawo tana jiranmu a gaɓa bai gama ba.

Bai ƙara wata biyu a duniya ba. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan mahaifiyata, ya haɗa su a inda ya fi nan.

Yanzu ni ma na kai shekarun da in na fara magana sai in ga ana duba waya, ko a yi maza a ƙarasa min. Ba na fushi, na san daga inda abin yake. Abin da zan roƙe ku shi ne, in kuna da tsoho a gida wanda harshensa ya yi nauyi, kada ku ɗauka hankalinsa ma ya yi nauyi. Ku zauna ku jira kalmar ta fito, in ba ku gane ba ku tambaya. Ni na koyi jiran, amma a makare. Da na yi shekara biyun nan ina saurarensa, da kunnena ya saba da harshensa kafin ranar. Duk abin da ya faɗa min a kan ruwan nan, ko rabi ban gane ba, kuma babu wanda ya rage a duniya da zan tambaya.